Kafin a ɗaure kaya a babur zuwa Accra

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida in ja hankalin matasanmu masu sha'awar ƙetare iyaka a kan babur, musamman masu niyyar bin gaɓar teku daga Legas zuwa Kwatano, Lome, har Accra. Tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma boda uku ake tsallakawa: Seme, Hilakondi da Aflao. A nan ne mutane ke kwana, tun babur bai nuna gajiya ba.

Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza idan zamansa bai wuce kwana 90 ba, amma babur ɗinsa kaya ne a idon kwastan. Za su sunkuya su karanta lambar shasi da ta inji, su gwada da takarda. Harafi ɗaya ya saɓa, an shiga dogon zance. Masu sayen babur na hannu su riƙe rasit kawai su suka fi shan wannan wahala, don haka a sauya sunan mallaka tun a gida. Sai fasfo, lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, inshorar ECOWAS mai katin ruwan ƙasa, da katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ba ya aiki sai allurar ta cika kwana 10. Kwastan na ba da takardar shigar da babur na wucin gadi. A duba ranar ƙarewarta, a kuma miƙa ta wajen fita, in ba haka ba za a ɗauka an sayar da babur ɗin a cikin ƙasar ba a biya haraji ba.

Hanyar arewa kuwa, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma akwai yankunan da aka hana hawa babur saboda tsaro, kamar sassan Tilaberi. Ban ba kowa shawarar ta ba.

A ganina ba sai an sayi ƙaton babur ba. Boxer da ire-irensa sun isa, tunda kayansu na kowace kasuwa. Sai dai iska ce ke sanyaya injinsu, don haka a huta minti 15 bayan kowace awa ɗaya da rabi, kada kuma a matse totur har ƙarshe na dogon lokaci. A juye baƙin mai kafin tashi, a sake bayan kilomita 1,500, a duba ma'auninsa kowace safiya.

Sarƙa ita ce aka fi raina wa. A bar mata wasan santimita 2 zuwa 3, kuma a auna bayan an ɗora kaya mahayi ya zauna, domin nauyi na ƙara ɗaure ta. Ta yi tauri, ta ci boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu. Ta yi sako-sako, ta zame ta maƙale tayar baya ana cikin gudu. Idan za a sauya ta, a sauya har da haƙoran gaba da na baya, don tsofaffin haƙora na cinye sabuwar sarƙa. A shafa mata mai duk kilomita 500.

Kaya a raba su gefe biyu, mai nauyi a ƙasa. Idan aka jibge komai a kariyar baya, tayar gaba ta yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa. A riƙe tiyub biyu, faci, famfo, fulogi, wayar kulochi da ta totur, ƙwan fitila da sifana 10, 12, 14 da 17. Man kwalba da ake sayarwa a bakin titi a Benin a tace shi da tsumma mai tsabta, domin yashi kaɗan ya isa ya toshe kafireta.

Hular kwano dole ce, 'yan sandan Benin ba sa wasa da ita. A canji sefa don Benin da Togo, sidi don Ghana. Wanda Faransanci ya gagara ya nemi zango, zai sami mai jin Hausa. Kuma a tsara tafiya yadda za a sauka kafin magariba, saboda manyan motoci da ramukan da fitilar babur ba ta haskowa.

Naku,
Wani bakaniken babur, Kano