Ƙwaya a wajen zubin dekin: ba laifin lebura kaɗai ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan bani fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni magini ne, shekara ta goma sha bakwai ina riƙe da cokalin gini a Kano da kewaye, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wajen zubin dekin yasan zancen da zan yi, sai dai kowa ya yi gum.

Bara muna dekin ɗin wani bene, yara leburori tun hantsi suke hawa katako da kwanon kankare a ka, hawa sauka hawa sauka, ga rana kamar ta tsaga kai, ga ɗan kwangila ya rantse sai an gama a ranar saboda kuɗin hayar injin kwaɓi, kuma aikin jinga ne, in baka yi sauri ba baka da na cefane. Wajen azahar sai naga an kawo shayi a jarka ana zagayawa da kofi ɗaya. Na san abin da ke ciki, shi ma mai aikin ya sani, ai daga aljihunsa kuɗin ya fito. Tiramol ce aka narka.

Bayan la'asar wani yaro da bai fi shekara ashirin ba yana tsakiyar katako sai kawai ya sandare, idonsa ya juye ya fara jijjiga, ya rikito ƙasa, kwanon kuma ya sauka a kafaɗar dattijon da ke zuba yashi, bawan Allah da ko sigari baya sha. Wasu har sun fara cewa iska ce a nemo mai ruƙiyya. A asibiti likita yace mana ba wata iska, Tiramol in aka sha ta wuce kima tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wadda NAFDAC ta yarda da ita mai 50mg ce da 100mg, amma abin da ake sayar wa yaranmu a bakin tasha mai 225mg ce. Yaron ya karye a ƙugu. Ɗan kwangila ya bada kuɗin Adaidaita Sahu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, washegari an kawo wani a gurbinsa.

Na san gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin a 2018, kuma binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na 2018 ɗin yace mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya. NDLEA ƙarƙashin Buba Marwa ma tana ta kame a tashoshin ruwa, Allah ya taimake su. Amma kullum hoton ɗan shaye-shaye da ake nuna mana zauna-gari-banza ne a lungu. Waɗannan yaran fa ba maye suke nema ba, ƙarfin aikin mutum uku suke nema a jikin mutum ɗaya, haka direbobin tifa masu lissafin sawu.

To wa ke tambayar mai bada aikin? Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, ke kula da ita, amma leburan da aka ɗauko da safe a bakin titi waye ya rubuta sunansa balle a biya shi? Ya kamata jami'an da ke zuwa duba takardar izinin gini su riƙa leƙa jarkar shayin nan, kuma in lebura ya faɗo a fara tuhumar wanda yasa aikin kwana biyu a yini guda.

Jibi ina da wani dekin a bayan gari. Na faɗa wa mai shi kwana biyu zamu yi kuma babu jarka, in bai yarda ba ya nemi wani maginin.

Naku,
Wani magini daga Kano