Wasiƙa daga bakin tafkunan Walthamstow

Landan, watan Mayu

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ina su Hajiya, yaya ƙafar tata? Allah ya ƙara sauƙi. Na san yanzu kuna cikin tsakiyar zafin bazara a Nguru, Allah ya kawo damina mai albarka.

Ka tambaye ni a saƙonka ko na ci gaba da motsa jikin da likita ya ɗora mini saboda hawan jini. Na ci gaba, mutumina, yanzu wata goma sha ɗaya ke nan, kuma jinin ya sauka, alhamdu lillahi. Sai dai abin da ya riƙe ni ban watsar ba shi ne wurin da nake yin gudun, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka da kyau, don saƙon waya ba zai ɗauka ba.

Sunan wurin Walthamstow Wetlands, a arewa maso gabashin Landan. Jirgin ƙarƙashin ƙasa nake shiga in sauka a Tottenham Hale, in taka 'yan mintuna sai ga ƙofa. Tafkuna ne guda goma da aka haƙa tun zamanin Sarauniya Biktoriya zuwa farkon ƙarni na 20 don a tara wa birni ruwan sha, kuma har gobe aikinsu ke nan: mutane wajen miliyan 3.5 ne ke shan ruwan. Na kamfanin Thames Water ne, ƙungiyar London Wildlife Trust ke kula da tsuntsaye da ciyayin wurin. Faɗinsa hekta 211. A 2017 aka buɗe shi ga kowa da kowa, kuma ba a biyan ko sisi a shiga. Ba a buɗe ƙofa sai ƙarfe tara da rabi na safe, don haka burina na in yi sallar Asuba in zarce can bai yiwu ba. Asabar da Lahadi nake zuwa.

Titin Forest Road ya raba wurin biyu. Ta arewa akwai tafkin Lockwood, wanda aka kewaye da jinga mai tsayi, idan ka hau kana hango dogayen benayen tsakiyar gari can nesa, iska kuma tana dukan ƙirjinka kamar ta hunturu a bakin tafkin Nguru. Ta kudu kuwa akwai tsohon gidan injin tura ruwa na 1894, jan bulo, yanzu an mayar da shi wurin shan shayi. An ɗaga masa doguwar hasumiya mai ramuka a jiki, musamman don tsattsewa su yi sheƙa. A nan nake fara sassarfata, a nan nake ƙarewa.

To ga abin da nake so in ba ka labari. Masu gudu da masu keke ba ko'ina aka yarda su bi ba. An ware mana hanyarmu, an kafa alamu, sauran ƙananan hanyoyin da suka ratsa tsakanin tafkuna na masu tafiya a hankali ne da masu kamun kifi da ƙugiya, wasu ma rufe su ake yi idan lokacin ƙyanƙyasa ya zo. Kare ma ba ya shiga, a ƙasar da ka san yadda suka ɗauki kare. Da farko abin ya sosa mini rai. Na ce ni da ba na ɗauke da danƙo ko tarko, me gudu na zai rage wa tsuntsu?

Wata Asabar a watan Agustan bara na ga wata siririyar hanya ba kowa, na karkata na bi ta. Ina hawa kan jinga sai ga agwagin ruwa birjik, irin baƙaƙen nan masu farin gefe da ɗan tukku a ƙeya. Suna ganina suka firgita. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba su tashi sama ba. Fikafikai suka dinga bugawa a kan ruwa, suna jan jiki, wasu na nutsewa, duk tafkin ya hargitse, har suka taru can tsakiya suna haki. Na tsaya cak. Wata dattijuwa cikin masu aikin sa kai ta ƙaraso, tabaran hangen nesa rataye a wuyanta, ta gaishe ni cikin mutunci, sannan ta yi mini bayani. A ƙarshen bazararsu waɗannan agwagi suke zubar da gashin fiffike gaba ɗaya, sai su yi makonni ba sa iya tashi, shi ya sa suke taruwa a ruwa mai faɗi inda suka san ba mai damunsu. Mai tafiya a hankali suna iya jure shi. Amma mutum ya bayyana kwatsam a saman jinga yana gudu, a idonsu mafarauci ne. Kowace firgita kuma tana cinye ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen fito da sabon gashi. Haka abin yake da hunturu, lokacin da yini gajere ne, abinci kuma kaɗan.

Wallahi na ji nauyin abin. Tun ranar ban sake sauka daga hanyar da aka ware ba, kuma ban rasa komai ba. Daga kan hanyar nake ganin zalɓe a sheƙunansu bisa itatuwan tsibirai, tun watan Fabrairu suke fara gini ana cikin sanyi. Akwai wani tsibirin da baƙaƙen tsuntsayen nan masu nutso su kamo kifi suka mamaye, kashinsu ya mayar da itatuwan fari fat har sun bushe, za ka gan su a jere sun baje fikafikai suna shanya.

Yanzu ga inda zancen ya zo gida. A watan jiya, ina wucewa ta gefen dogayen ciyayin bakin ruwa, na ji wani ɗan tsuntsu yana ta zuba kuka ba ƙaƙƙautawa. Na rage gudu na leƙa: ɗan mitsitsi ne, ruwan ƙasa, da farin layi a saman ido. Turawa na ce masa sedge warbler. Nauyinsa wajen giram 12 ne kacal. Wannan ɗan abin, idan sanyi ya gabato, sai ya ci ya yi kitse, ya tsallake teku, ya tsallake Sahara, ya je ya yi hunturu a fadamun ƙasashenmu, daga Senegal har zuwa gabas. Irin su na sauka a fadamar Haɗeja da Nguru. Na tsaya ina kallonsa ina cewa a raina, wataƙila wannan ya fi ni sanin halin da gida ke ciki a bana. Masanan tsuntsaye na nan sun daɗe da gane wannan alaƙa: a 1969 suka ga wasu ƙananan tsuntsayen da suka saba dawowa sun ragu ƙwarai, da aka bi sawu sai aka tarar farin da ya faɗa wa yankin Sahel ne sanadi.

Kuma ka san wani abin mamaki? Yarjejeniyar kare dausayi ta duniya da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971, a shekara guda ta karɓi wuraren nan biyu. A 2000 aka sa kwarin kogin Lee, wanda waɗannan tafkuna ke cikinsa, a 2000 ɗin kuma aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma.

Shi ya sa idan ina gudu a nan zuciyata ba ta rabuwa da tamu fadamar. Ka tuna yadda iyayenmu ke ba da labarin ambaliyar da, kafin a gama madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992. Da ruwa yana zuwa da lokacinsa ya janye da lokacinsa, masunci ya ci, mai shinkafa ya ci, Bafulatani ya samu makiyaya da rani. Da aka sauya tafiyar ruwan sai kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin kwalekwale, ta cinye gonaki, jan-baki kuma suka samu maɓoya. Ba ina cewa a kwafo tsarin Landan a kai mana ba. Nan ba mai neman abincinsa a bakin tafkin, mu kuwa dubban gidaje ne suka dogara da shi, kuma ba za ka ce wa masunci ya kauce wa agwagwa ba alhali 'ya'yansa na jiran tuwo. Abin da ya burge ni kawai shi ne an zauna an tantance wa zai bi ina, kuma a wane wata, har ruwan sha da mai ƙugiya da mai gudu da tsuntsu kowa ya samu rabonsa. Mu ma da can sarakunan ruwa suna da irin wannan tsari na ranar kamun kifi da wuraren da ba a taɓawa.

Don Allah idan ka samu sarari ka leƙa mini wajen Dagona, wurin nan da aka keɓe wa tsuntsayen ruwa, ko ka tambayi masuntan da ke kawo kifi kasuwa. Ina so in san ko kirinjijiya da dinya suna nan da yawa kamar lokacin da muke yara, da kuma inda aikin sare kacala ya tsaya a Marma. Ka ɗauko mini hoto ko biyu ne. Kuma ka gaya mini ko shamuwa ta iso, don rabona da ganinta shekara shida ke nan.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida uwargida da yara, da duk 'yan majalisarmu ta ƙofar gida. In Allah ya yarda ina tafe da hutun Disamba, lokacin baƙin tsuntsayen sun sauka, sai mu ɗauki kwalekwale mu shiga tare.

Naka amini har kullum.