A bar wa ƙananan jami'o'in Amurka gurbinsu a gasar zari-ruga

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na wasanni inda aka taɓo ƙwallon zari-ruga (American football) ta jami'o'in Amurka, har aka ce saka ƙungiyoyin ƙananan rukunai, wato ƙananan lig-lig na jami'o'i, a wasannin ƙarshen kaka ɓata lokaci ne. Ni kam ban yarda ba, kuma a nan Amurka nake zaune ina kallon abin shekara da shekaru.

Wanda ya ce haka bai ga wasan ƙarshen kaka na Fiesta Bowl na ranar 1 ga Janairun 2007 ba. Boise State, jami'ar da ke jihar Idaho, ta kara da Oklahoma mai tarin kofuna. An shiga ƙarin lokaci, ana bin Boise maki ɗaya, sai suka ƙi bugun da zai kawo kunnen doki, suka nemi maki biyu. Mai jefa ƙwallo ya ɗaga hannun dama kamar zai jefa, ashe ƙwallon na hagu, ya miƙa ta ta bayansa ga Ian Johnson. Kafin 'yan Oklahoma su ankara ya wuce. Aka tashi 43 da 42. Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

Kuma ba sau ɗaya ba ne. Utah ta lallasa Alabama 31 da 17 a Janairun 2009. A kakar 2017 ba wanda ya doke UCF, jami'ar da ke jihar Florida, har Auburn ta sha kashi a hannunta, amma ba a saka UCF cikin huɗun da suka nemi kofin ƙasa ba. Don haushi ta naɗa kanta zakara.

Na sani za a ce ai Cincinnati ta samu shiga a kakar 2021, Alabama ta casa ta 27 da 6. Haka ne. To manyan fa? Su ma ana yi musu irin wannan cin kaca a wasannin nan, ban taɓa jin an ce a kore rukuninsu ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kashin dankalin da ake yi. Manyan ba sa son zuwa gidan ƙanana su buga, sannan su juyo su ce ƙananan ba su kara da kowa ba. Duk wadda ta yi fice kuwa sai a janye ta zuwa manyan rukunai: Utah ta koma Pac-12 a 2011, Cincinnati da UCF suka shiga Big 12 a 2023. A kwashe musu zakaru, a ce gidansu ba mai cara!

Da aka faɗaɗa gasar kofin ƙasa zuwa ƙungiyoyi 12 a kakar 2024, zakarun rukunai biyar da suka fi matsayi sun samu gurbi kai tsaye, ta nan Boise State ta shiga. Penn State ta fitar da ita, amma a fili aka fitar da ita, ba a ɗakin taron kwamitin da ke zaɓen masu shiga gasar ba. Wannan gurbin nake roƙon kada a taɓa.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga jihar Idaho, Amurka