Wasiƙa daga Biyana: matar sarkin da ta kasa zama a gida

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. A gaida Inna da kyau. Mu nan sanyi ya fara shigowa, amma alhamdulillahi.

Ranar Asabar na shiga fadar Hofburg da ke nan Biyana, babban birnin Ostiriya, ɓangaren Elizabet, matar Sarki Franz Joseph na Ostiriya, wadda ake kira Sisi. Wallahi ke na tuna, don labarinta irin wanda muke yi ne a tsakar gida.

Auren zumunci ne fa. Uwar sarkin, Sofi, yayar mahaifiyar Sisi ce. A 1853 aka kai babbar 'yar gidan, Helene, garin Bad Ischl don sarki ya gan ta, sai idonsa ya sauka kan ƙanwarta Sisi da ta zo rakiya. Aka ɗaura aure ranar 24 ga Afrilu 1854, tana da shekara 16. Kin ce ta faɗa hannun gida, ko? Ina! Da ta haifi 'yar fari a 1855, uwar miji ta ɗauke jaririyar, aka kuma sa mata sunan kakar, Sofi. Mu dai mun saba kaka ta riƙe ɗan fari, uwa ta kawar da kai don kunya. Ita Sisi ba kunya ba ce, ƙwace aka yi mata. Da ta dage ta tafi da yarinyar zuwa ƙasar Hangare a 1857, can yarinyar ta rasu.

A ɗakin adonta na ga zobban motsa jiki rataye a bakin ƙofa. Na daɗe ina kallonsu. Mace mai gashi har ƙasa da gwiwa, ana kwashe awanni ana taje shi kullum, tana auna nauyinta kamar mai jinya. Sai yawo: Madeira, Korfu, Hangare, ko'ina ban da gidan miji.

Bayan ɗanta Rudolf ya kashe kansa a Mayerling a 1889, baƙaƙen kaya ta riƙa sawa. A 1898 wani ɗan Italiya, Luigi Lucheni, ya soke ta da siririn ƙarfe a Janeba. Rigarta ta matse ta sosai, har ta hau jirgin ruwa ba ta san an soke ta ba.

Ki rubuto ki faɗa min yadda bikin ƙanwarki ya kasance, da wanda ya riƙe 'yarta ta fari idan Allah Ya kawo.

Taki har kullum.