Amsa ga Baba na Wunti: Ba a Saye Ni Ba, Baƙin Ne Na Sauya

Assalamu alaikum Baba. Ya kasuwa, ya iyali? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranar da ka bugo waya cikin shirinmu na safe, ka tambaye ni a kunnen kowa: me ya sa na rage gayyato masu sharhi kan al'amuran yau da kullum, me ya sa kuma ƙwallon Turai ya koma wutsiyar shiri? Ka rufe da cewa, "Ko dai an saye ka ne?" Lokacin labarai ya riga ya yi, dole na rufe layi, wasu suka ɗauka gudu na yi. Ga amsar.

Ba wanda ya saye ni, ranka ya daɗe. Gajiya na yi da baƙon da ya san komai. Ran Litinin shi ne masanin tsaro, Talata masanin kasafin kuɗi, Laraba ya warware maka yaƙin Sudan. Zai shigo da shadda mai sitaci, turare ya cika ɗakin, sai ya zauna ya gyara hula sannan ya tambaye ni, "Yau kan me za mu yi magana?" Bakinsa da daɗi, ban musa ba. Amma a kashe rediyo ka tambayi kanka me ka ƙaru da shi.

Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, mun sha dogon turanci a kan tattalin arziki. Wanda ya fahimtar da mutane shi ne wani ɗan Keke Napep da na lallaɓo. Hannunsa na rawa, yana ta kauce wa makirufo ina jawo shi, amma ya lissafa mana balas ɗin da yake kai wa mai keke kullum, da abin da mai ke ci, da ɗan abin da ke saura na cefane. Haka dillalin kayan gwari daga kasuwar Muda Lawal: shi ya san kuɗin mota da na ɗan dako a kan kwandon tumatir, da dalilin da ya sa yake tsada in damina ta kama. Irin waɗannan ba su iya tsara zance ba, sai dai abin da suka faɗa sun taɓa shi da hannunsu.

Jami'an gwamnati kuwa har gobe ina aika musu goron gayyata. Wani ya zo, wani ya ce sai an ba shi izini daga sama, wani ya ce in turo masa tambayoyin tukuna. Wannan na ƙarshen ba na yi. Masu cewa ina katse mai kira kuma su sani, idan mutum ya zagi wani ko ya yi masa ƙazafi kai tsaye, gidan rediyon ne hukumar NBC mai sa ido kan kafafen yaɗa labarai za ta kama, shi ya kashe wayarsa ya tafi abinsa.

Sai batun ƙwallo, inda na san nan ne ya fi yi maka zafi, tunda kowa ya san kai ɗan Arsenal ne. Baba, kafin in shigo aiki da safe, wa ya rage bai san sakamakon gasar Ingila ba? An gani a gidan kallo, an sake gani a waya, an yi musu a teburin mai shayi har an gaji. Amma wa zai ba da labarin Wikki Tourists, ƙungiyarmu ta Bauchi, in ba mu ba? Ƙungiyar nan ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1998. A 2016 ta ƙare ta uku a gasar ƙasa, ta samu tikitin zuwa gasar Afirka. Filin Abubakar Tafawa Balewa ya karɓi wasannin kofin duniya na matasa a 1999, ya sake karɓar na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Duk da haka yaro a Jahun zai jero maka 'yan bencin Chelsea, bai san sunan golan Wikki ba. Da ta faɗa rukuni na biyu a 2023 kowa ya iya kumfar baki, alhali ana cikin kakar wasa 'yan kaɗan ne ke tambayar yadda 'yan wasa ke tafiyar kwana a mota zuwa kudu, su sauka su shiga fili da gajiya. Tambayoyin nan nake so a riƙa yi tun da sauran lokaci. Turai tana nan, minti biyar ɗin ƙarshe naku ne, ban hana kowa murnarsa ba.

Ka daɗe a kasuwar Wunti, ka san yadda bashi da haraji da kuɗin shago ke tafiya fiye da duk wanda na taɓa zaunarwa a kujerar baƙo. Ina gayyatarka ran Alhamis mai zuwa, ka zo ka zauna a kanta. Zan buɗe layi, kuma ka shirya, masu kiranmu ba sa raga wa kowa.

Ɗanka,
Mai gabatar da shirin safe, Bauchi