An Sallama Mini Gidan Jingina, Wani Ya Zo Ya Ɗora Tayi A Kan Nawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah Ya gafarta Malam, ina gaishe ka da abokan aikinka na wannan fili. Na daɗe ina sauraron yadda kake warware wa jama'a matsalolinsu, yau ga tawa ta kawo ni. Ina roƙon a sakaya sunana, domin maganar ta shafi wani bawan Allah da ba na son in ƙara masa tozarci a kan wanda yake ciki.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne, asalina mutumin yankin Ɗansadau a ƙaramar hukumar Maru. A 2021 na kwaso tsohuwata da iyalina muka dawo Gusau saboda halin da kowa ya sani. Tun lokacin muna haya a Tudun Wada, ɗaki biyu da rumfa, mu goma sha ɗaya. Sau uku mai gida yana ƙara mana kuɗi, kuma ban ga laifinsa sosai ba, don duk ƙauyen da aka tayar, mutanensa birni suke kwararowa neman wurin sa haƙarƙari. Da farko niyyata in sayi fili in riƙa gini a hankali, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 siminti da rodi suka fi ƙarfina.

Ana nan sai wani dillali da muke sallah masallaci ɗaya ya ce akwai gida a Samaru da banki zai sayar. Mai shi ɗan kasuwa ne, ya jinginar da takardar mallakar gidan ya karɓi bashi, kasuwa ta juya masa baya, biya ya gagara. Na je na gani. Ɗaki huɗu ne da zaure, ga rijiya, ga wata darbejiya mai inuwa a tsakar gida. Ina ganin bishiyar na tuna tsohuwata, wadda rabonta da zama a inuwar itace tun da muka baro gida. A bangon zaure akwai ƙusoshi biyar a jere, ƙasan kowace ƙusa da shatin allo inda fenti bai koɗe ba. Na ga wannan, gabana ya faɗi, amma na ce wa kaina ko ban saya ba wani zai saya.

Wakilin banki ya sa naira miliyan 16. Na taya 13, ya ce albarka. Muka yi ta ja har muka tsaya a 14. Da bakinsa ya ce, “Alhaji, na sallama.” Muka yi musabaha a gaban shaidu biyu, aka shafa Fatiha. Malam, a kasuwar hatsi na girma, kuma a wurinmu in mai kaya ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa. Ko buhu ya ƙara kuɗi kafin la'asar, ba mai dawowa ya ce a sake lale.

Washegari na zuba miliyan 1.4 a asusun banki a matsayin kafin alƙalami, aka ba ni rasit da wata takarda da Turanci. Don in haɗa ragowar, na sayar da shanu huɗu da suka rage mini, waɗanda nake kiwo a hannun wani amini a Talata Mafara. Na fitar da waken suya da masarar da na ajiye tun kaka kafin lokacin da na so fitar da su. Uwargidana ta ɗauko sarƙarta da ɗankunnen gwal na gadon mahaifiyarta ta ba ni ba tare da na roƙa ba. Tsakanin lauya, binciken takardu a ofishin filaye, da wanda ya duba lafiyar ginin, naira dubu 420 suka tafi. Na kuma shaida wa mai gidan da muke haya cewa za mu tashi, shi ma har ya karɓi kuɗin wani.

Mako shida ke nan ana ce mini a jira sa hannun hedkwata daga Legas. Ranar Litinin da ta wuce, ina tsakiyar awo, wakilin ya kira ni. Ya ce wani ya taya gidan miliyan 15 da rabi, kuma in ina so sai in haura haka kafin azahar ɗin ranar Alhamis ta mako mai zuwa. Na ce masa ina musabahar da muka yi, ina Fatiha? Ya ce shi ɗan aike ne, ba shi da ta cewa. Na tambaye shi, to in na ƙara, shi ke nan an rufe ƙofa? Ya yi shiru, can ya ce ba zai iya yi mini wannan alkawari ba.

Na garzaya wurin lauyana. Ya nuna mini wani ɗan layi a ƙasan takardar, wanda ya ce ma'anarsa ciniki bai ƙullu ba sai ɓangarorin biyu sun sa hannu a kan yarjejeniya. Ya ce zai yi tsaye a dawo mini da kafin alƙalamina, amma abin da na kashe a bincike ya tafi. Ya ƙara da cewa ko an sa hannu, akwai sauran tafiya, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar Gwamna mallakar irin wannan gida ke komawa hannun wani. Ɗan yayata da ke karatu a Ingila ya ce can ma haka abin yake da gidajen da banki ya ƙwace: ana fitar da sanarwar kuɗin da aka taya, a ci gaba da karɓar tayi har ranar da aka yi musayar takardun yarjejeniya. Wannan bai sanyaya mini rai ba, amma ya nuna mini ba ni kaɗai aka taɓa yi wa haka ba.

Akwai abu ɗaya da lauyan ya faɗa wanda ya hana ni barci fiye da asarar kuɗin. Ya ce banki ba kayansa yake sayarwa ba, jingina ce. In ya karyar da gidan da gangan, mai shi na iya kai ƙara. Abin da aka samu, banki zai cire bashinsa da ɗawainiya, in an yi rara a miƙa wa mai gida, in bai kai ba kuma a ci gaba da binsa. Ashe ke nan miliyan ɗaya da rabin da nake jin an zalunce ni da ita, ga mai alluna biyar ɗin nan sauƙi ce. Ina fushi a kan abin da zai rage wa wani musulmi nauyi. Na rasa inda zan sa wannan a zuciyata.

A karatun zaure na ji hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mutum yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Na kuma ji cewa Imamu Malik ya fassara hanin da lokacin da mai kaya ya riga ya karkata ga mai saye, amma kayan da aka fitar gwanjo kowa na iya ƙarawa. To nawa wanne ne? Ba a buga ƙararrawa ba, ba a tara jama'a ba, ni da wakili muka zauna har ya sallama. Amma kuma takarda ta ce ƙofa a buɗe take, ni ne ban sa an karanta mini ba kafin in zuba kuɗi. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Sannan ban san ko mai sabon tayin nan akwai shi da gaske ba. Na nemi a nuna mini shaida, an ce sirri ne. Kasuwa ta koya mini cewa akwai masu tayin ƙarya don a harzuƙa mai so ya ƙara, kuma la'adar dillali tana hawa ne in kuɗi ya hau. Ba na son in ɗora wa kowa zargi ba hujja. A gefe guda kuma wani maƙwabcin gidan ya raɗa mini cewa surukin mai gidan ne ke ƙoƙarin fanso shi don yaran su dawo ɗakinsu. In haka ne, wallahi ba zan iya tsayawa ina gasa da shi ba.

A gida ma kai ya rabu. Yayana ya ce in sayar da rumfata ta kasuwa in ƙara, domin irin wannan gida a wannan kuɗi ba zan sake samu a Gusau ba. Amma rumfar nan da ita muke ci. Tsohuwata ta ce, “Bar shi, ɗan nan. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kuma gidan da anka fidda mutane suna kuka ba ni son kwana cikinai.” Uwargida ba ta ce komai ba, sai dai na ga ta kwance ƙullin kayan da ta fara ɗaurewa ta mayar da su ƙarƙashin gado.

Allah Ya gafarta Malam, a taimaka mini da amsa. A shari'a, sallamawar da wakilin ya yi ta ƙulla ciniki, ko sharaɗin takardar ne ke aiki? In na ƙara kuɗi, na shiga haƙƙin wani ne ko nawa nake karewa? Tun asali ma, ya halatta in sayi gidan da aka ƙwace a kan bashin da ke da ruwa a ciki? Ya dace in nemi mai gidan da kaina in ji ta bakinsa, ko hakan zai zama fami a gare shi? In kuma akwai lauya a cikin masu taya ka wannan fili, ina son in san ko zan iya cewa ba zan ƙara ko kwabo ba sai an rubuta cewa daga nawa an rufe tayi, a kuma sa hannu a ranar.

Wa'adin da aka ba ni Alhamis ne, mai gidan hayarmu kuma yana son ɗakunansa ƙarshen wata. Don Allah a karanta wannan wasiƙa a shirin wannan makon.

Wassalam.
Naka mai sauraro,
Wani ɗan kasuwar hatsi daga Tudun Wada, Gusau.