Sanarwa: wayar da kai kan aiki daga gida, da batun kyauta

Assalamu alaikum ƴan uwa, manya da ƙanana.

Mun tsai da shawara za mu fara zagayen wayar da kai kan aikin da ake yi daga gida ta intanet. Tun annobar korona a 2020 kamfanoni da yawa suka saba da ma'aikacin da ba ya zuwa ofis, amma a nan Maradi har yanzu yaro in ya wuni gaban kwamfuta, sai a ce zaman kashe wando yake. Alhali wani fassara yake yi tsakanin Hausa da Faransanci, wata lissafin ɗan kasuwar Yamai take riƙewa daga ɗakinta a unguwar Zariya. Don haka iyaye za mu fara nema, ta rediyo da wajen masu unguwanni, daga baya mu je wa ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo.

Sai kyauta. Za a karrama mutum 3 da ke cin abinci da wannan sana'a, kuma dole a samu mace a ciki. Ni dai a ganina kada mu tsaya ga takardar yabo. Wanda wuta ke ɗauke masa tsakiyar aiki, ƙaramin batirin sola ko kuɗin intanet na wata guda ya fi masa amfani.

Mai son ba da sunan wani ya turo mini a keɓe, tare da shaidar aikin da aka biya shi. Don Allah ban da tallar "zuba kuɗi ka ci riba", za a goge.

Haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar, inda muka saba.